Rabin kwanon yuriya a gindin lemu: abin da ya sami bishiyoyin gidan Baffana

Wajen tsakiyar watan Janairu ne Baffana ya kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "kai malamin gona, zo ka ga lemuna, ina jin sammu aka yi musu." Dariya na yi a lokacin, amma da na isa gidan na ga abin da idona dariyar ta tsaya. Lemon zaƙi guda huɗu da ya dasa shekara huɗu da suka wuce, biyu sun zubar da ganye kusan kaf, ganyen da ya rage bakinsa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da wutar kyandir, sauran biyun kuma da ɗan dama-dama. Shingen iksora na gaban gida, fulawar nan mai jan fure cunkus-cunkus, ya koma ruwan ɗorawa har wani wajen ya yi fari fat. Layin maskwared da ke jikin katanga, dogayen bishiyoyin nan sirara masu rassa a sunkuye, su ma ƙasansu duk busasshen ganye. Mangwaro biyu 'yan aure kuwa sun yi shar da su gwanin sha'awa, sabon toho ja-ja ko'ina, sai dai babu huda ko ɗaya alhali na maƙwabta duk sun yi fure har ƙudan zuma na ta kai-kawo.

Gidan a wata sabuwar unguwa yake a bayan Kano, irin filayen nan da aka yanka daga gonaki, an gama ginin bai fi shekara biyar ba. Baffa tsohon ma'aikaci ne ya yi ritaya, kuma manomi ne na gaske ba na baki ba, duk damina sai ya yi masara da dawa a ƙauye. Toh a nan matsalar ta samo asali, don shi a saninsa in ganyen masara ya yi ɗorawa yunwa ce, maganinta yuriya, ka zuba yau bayan kwana biyar ka ga gona ta yi baƙi. Kuma a gonar masara gaskiyarsa ne. Da ya ga ganyen bishiyoyin gida sun fara sauya launi wajen ƙarshen Nuwamba sai ya tuna akwai ragowar buhun yuriya a sito, farkon Disamba ya sa mai gadi ya bi kowace bishiya ya zuba mata. Na tambayi mai gadin nawa ya zuba, ya ce lemu da mangwaro rabin kwano rabin kwano, maskwared cikin hannu bibbiyu, iksora kuma ya barbaɗa a layi kamar gishiri. A ina? Daidai gindin, jikin kututturen. Ya rufe da ƙasa? A'a. Ruwa fa? Bokiti ɗai-ɗai kamar yadda ya saba bayan kwana biyu.

Bari mu yi lissafin nan don shi ne ya sa Baffa ya yi shiru. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wato kilo ɗaya akwai giram 460 a ciki. Kamfa 15-15-15 kuwa kilo ɗaya giram 150 ne kawai. Kenan awo ɗaya na yuriya ya ninka na kamfa sau uku a ƙarfi ta wajen naitirojin. Rabin kwanon Kano na yuriya ya haura kilo ɗaya. Ƙiyasin da masu lambun lemu ke bi shi ne kamar giram 100 na naitirojin a shekara ga kowace shekara ta bishiyar, mai shekara huɗu kenan giram 400 a shekara gaba ɗaya, shi ma ba a tashi ɗaya ba, a raba shi uku ko huɗu. Mai gadi ya ɗura wa kowane lemu abincin shekara guda har da ƙari a yini ɗaya, a busasshiyar ƙasa, a tsakiyar hunturu. Bokitin ruwan nan da ake zubawa shi ya ƙara ɓata lamarin ma, bai isa ya wanke takin ya baza shi ba, iyakarsa ya narkar da shi ya zama ruwan gishiri mai kauri ya kwanta a kan saiwa. Kowa ya san abin da gishiri ke yi wa yankakkiyar albasa ko kabeji, janye ruwan jikinsu yake, toh haka takin ya dinga janye ruwa daga saiwar maimakon saiwar ta sha. Bishiya tana cikin ruwa tana mutuwa da ƙishi. Wanda ya rage a sama bai narke ba kuma iska ta kwashe shi, don yuriya in aka bar ta a fili cikin rana tana juyewa iskar amoniya ta tashi, mai gadin da kansa ya ce kwanakin farko wajen warin fitsari yake yi.

Ba na ganin laifin Baffa sosai a kan zaɓen yuriya. Ita ce takin da ya fi yawa a hannun mutane, a ƙasar nan ake yin ta, akwai masana'antar Indorama a Eleme ta jihar Ribas, ga ta Dangote a Lekki da aka buɗe a watan Maris na 2022, shi kuwa kamfa sai an shigo da wasu kayan haɗinsa daga waje, fosfet daga Maroko, fotash daga wasu ƙasashen. Duk gidan manomi in ka duba sito ragowar yuriya za ka tarar. Takin lafiyarsa ƙalau, wurin da aka kai shi da lokacin ne ba nasa ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gano mene ne ya sa ganyen ya fara ɗorawa tun farko kafin a zuba komai, don in ba a gano wannan ba ko an warkar da ƙunar za a koma gidan jiya. Na ce mai gadi ya tsaya da shara, na bi na tsinci ganye daga kowace bishiya na jera a kan tabarma a gaban Baffa. Daga nesa duk launi ɗaya ne, a kusa kuwa kowanne da labarinsa.

Na maskwared shi ne mafi sauƙi. Tsofaffin ganye ne na ƙasa da na can ciki kusa da kututture, na saman kore ne sai ƙurar hunturu da ta lulluɓe su. Mutane na ɗauka bishiyar da ba ta kaɗe ganye ba ta zubar da ganye sam, ba haka ba ne, tana zubarwa, sai dai kaɗan-kaɗan take yi tana sauya tsoho da sabo ba ta tsiraita gaba ɗaya kamar kuka da rani ko gawo da damina ba. Kuma kafin ta saki tsohon ganye sai ta janye abincin da ke cikinsa ta kai wa sabo, shi ya sa yake yin ɗorawa kafin ya faɗo. Wato ganyen nata rumbu ne. Wannan shi ne babban bambancinta da masara, masara wata uku zuwa huɗu gare ta a duniya dole ta ci da sauri, ita kuwa wannan tana da ajiya, ba ta gaggawa. Abin da ya ƙara wa maskwared ɗin zubar ganye shi ne intalok, an shimfiɗe tsakar gidan kaf an bar wa kowace bishiya 'yar kafa da ba ta fi faɗin faranti ba, ruwan bokiti rabi a kan siminti yake tsiyayewa. Ƙishi ne ba yunwa ba.

Na lemu kuma, a bishiyoyi biyun da ba su ƙone sosai ba na sami tsofaffin ganye masu wata alama da duk mai lambun lemu ya sani, gefe da gefe ɗorawa amma daga gindin ganyen akwai kore mai tsini ya miƙe sama bisa jijiyar tsakiya kamar kan mashi. Wannan ƙarancin maganiziyam ne, kuma ya zama ruwan dare a ƙasa mai rairayi irin tamu, musamman bayan bishiya ta yi 'ya'ya. Da naitirojin ne ya yi ƙaranci da ganyen gaba ɗayansa zai koɗe bai-ɗaya har jijiyoyin. Yuriya ba ta da ko ɗigon maganiziyam, ko buhu aka zuba ba za ta gyara wannan ba.

Iksora ce ta ba ni wahala kuma ita ce ta fi ban sha'awa. Ita a saman take ɗorawa, sabon toho, tsofaffin ganye na ƙasa kore ne, kuma in ka ɗaga sabon ganyen ka duba jijiyoyinsa kore ne siri-siri kamar raga, tsakaninsu ne ya koɗe. Alamar rashin sinadarin ƙarfe kenan. Shi ƙarfe in ya shiga tsohon ganye ba ya fita ya koma sabo, saboda haka sabon ne ke fara nunawa, akasin naitirojin da maganiziyam masu yawo a jikin bishiya. Da na faɗi haka Baffa ya ce ai da sauƙi, akwai tsofaffin ƙusoshi da guntayen rodi a bayan gida a binne mata. Na ce Baffa Allah ya ƙara girma, ƙarfen yana nan a ƙasar, jan da kake gani a ƙasarmu ma ƙarfe ne, kulle shi aka yi ta kasa ci. Na sa aka kawo diga muka tona gefen shingen, ko taƙi biyu ba mu yi ba muka fara cin karo da buraguzan bulo da busasshen kwaɓin siminti da farfasassun tayil. Magina a nan suka kwaɓa siminti suka zubar da sharar fulasta, da aka zo dasa fulawa aka watsa baƙar ƙasa 'yar kaɗan a kai aka dasa. Na ɗebi ƙasar a murfin roba na matsa mata lemon tsami, nan take ta fara kumfa tana tsuwwa, Hajiya da ke tsaye ta ce "la ila, kamar an zuba kanwa a tsamiya." Na ce Hajiya kin gama bayanin. Ƙasa ma tana da tsami tana da kanwa-kanwa, shi ne ake aunawa da ma'aunin pH, 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa. Iksora ƙasa mai ɗan tsami take so, wajen 5 zuwa 6 da ɗoriya, siminti kuwa farar ƙasa ce a cikinsa tana tura ma'aunin ya haura 7 har ya doshi 8, a nan ƙarfe ke daskarewa saiwa ba ta iya zuƙarsa. Sai ga ƙarin bayani daga bakin Hajiya da kanta, ashe duk tokar murhun da ake dafa ruwa da ta gawayi a gindin shingen take sa yara su zubar wai taki ce, ruwan wanki mai omo shi ma nan ake kwararawa don kada a yi asararsa. Toka ai ita ake tacewa a yi ruwan toka a madadin kanwa. Ana ta ƙara wa mai hawan jini gishiri da kyakkyawar niyya.

Wannan gwajin lemon tsamin na gida ne kawai, yana nuna akwai farar ƙasa da yawa amma ba ya ba ka lamba. Mai babban lambu da zai kashe kuɗi gara ya ɗebi samfurin ƙasa ya kai ɗakin gwaji, akwai sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Bayero, akwai cibiyar binciken aikin gona IAR a Samaru ta Zariya, kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa NIHORT da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda. Mu dai na tsakar gida ne, abin da muka gani ya ishe mu.

Mangwaron da ya ƙi huda shi kam bai ƙone ba saboda yana kusa da famfon bohol inda ake alwala da wanke-wanke, ƙasarsa kullum a jiƙe, takin ya narke ya bazu ya ci abinsa. Shi ne ma matsalar. Mangwaro a nan arewa sai damina ta ɗauke, ƙasa ta bushe, sanyin hunturu ya buge shi ya ɗan takura ya daina toho, sannan yake fitar da huda tsakanin Disamba da Fabrairu. In ka ba shi naitirojin da ruwa a daidai wannan lokacin ka ce masa damina ta dawo kenan, sai ya saki ganye. Na gaya wa Baffa bana kam ya haƙura da mangwaro, inuwa zai sha.

Abin da muka yi a ranar ba shi da yawa, kuma babu taki a ciki ko ƙwaya, wanda shi ne ya fi yi wa Baffa wuyar haɗiya don shi so yake a sayo wani abu a zuba. Muka kwashe ƙasar saman gindin lemun da ragowar farin takin da ya dunƙule, muka yi wa kowanne gurbi mai faɗi kamar zobe daidai inda inuwar rassansa ta tsaya, muka tara 'yar ƙasa ta kare kututturen don kada ruwa ya kwanta a jikinsa, sannan aka saki tiyo a hankali ya cika gurbin ya tsotse ya sake cikawa, aka maimaita haka sau uku cikin mako guda don a tura gishirin ƙasa da inda saiwa take. A nan na nuna wa mai gadi inda bakin bishiya yake. Na tona da hannu a jikin kututture, manyan saiwoyi ne masu kauri kamar yatsa, aikinsu riƙe bishiya. Na matsa can ƙarshen inuwa na tona, ga ƙananan saiwoyi kamar gashi birjik a cikin taƙi ɗaya na saman ƙasa. Su ne masu ci. Zuba taki a gindin kututture kamar ka ɗora wa mutum tuwo mai zafi a cibiya ne. Ga lemu kuma akwai ƙarin haɗari, danshi da taki a jikin kututturensa na jawo ruɓewar gindi, ɓawon ya tsage yana fitar da danƙo, kuma ɗaya daga cikin biyun da suka fi jin jiki na ga ya riga ya fara.

Na hana a sare rassan da suka bushe tukuna, na ce a jira a ga inda toho zai fito. Maskwared aka ɗaga intalok layi biyu a gabansu, ban ruwa ya koma sau biyu a mako amma mai yawa maimakon bokitin bayan kwana biyu. Toka da ruwan omo aka sauya musu wuri. Aka baza busasshiyar ciyawa da ɓawon gyaɗa a gurabun don riƙe laima, an bar tazarar tafin hannu daga kututture saboda gara, duk wanda ya yi lambu a Kano ya san gara ba ta wasa da busasshen abu a lokacin rani.

Iksora muka raba ta biyu. Ɓangaren da buraguzan suka fi yawa muka tumɓuke, aka haƙe ramin gwiwa guda aka kwashe sharar gini baro bakwai, aka cika da ƙasar gona da ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya shekara ya yi baƙi ba ya wari, aka mayar da su. Ɗaya ɓangaren muka bar shi a wurinsa muka dinga fesa wa ganyen ruwan ferus salfet, wani gishiri mai sinadarin ƙarfe, giram 3 a lita, da yamma in rana ta yi sanyi. Feshin yana aiki, cikin mako biyu ganyen ya fara ɗige-ɗigen kore, amma ganyen da ruwan ya taɓa kaɗai yake gyarawa, sabon tohon da zai biyo baya da ɗorawarsa yake fitowa tunda ƙasar ba ta sauya ba. Kuma yana ɓata fenti da intalok da jan tsatsa, katangar Baffa har yau da tabon, ya kuma ƙi mantawa.

Takin zamani na farko bai shiga gidan ba sai da damina ta zauna a watan Yuni, ba ruwan farko ba, sai da ƙasa ta jiƙu sosai. A ƙarshen Mayu dai mun sa wa lemu da mangwaro ruɓaɓɓen takin shanu baro ɗai-ɗai a zoben. Baffa ya so a sa kashin kaji don wani abokinsa mai gidan gona ya ba shi kyauta, na duba na ga ɗanye ne yana tururi, na ce a tara shi a bayan gida a dinga jiƙawa ana juyawa sai ya huce wata biyu zuwa uku, ɗanyen kashin kaji ƙunarsa ba ta da maraba da ta yuriya. Sannan kamfa 15-15-15, lemun da suka farfaɗo gwangwanin madara ƙarami uku kowanne, wajen rabin kilo kenan, ƙasa da abin da lafiyayye zai ci don saiwarsu ba ta gama dawowa ba, aka barbaɗa a zoben aka tona sama-sama da fartanya aka rufe. Aka sake irin haka farkon Agusta, na ƙarshe kuma tsakiyar Satumba tun ƙasa na da laima. Ruwan Kano daga Yuni zuwa Satumba ne, Agusta ya fi yawa, kuma ƙasa mai rairayi ba ta riƙe naitirojin, in ka zuba duka lokaci ɗaya ruwan Agusta ya wanke shi ya wuce da shi, dalilin rabawa kenan. Don maganiziyam ɗin kuma muka fesa gishirin Epsom, giram 10 a lita, a kan sabon toho lokacin da ganyen ya buɗe bai gama ƙwari ba. Mangwaro sau biyu kawai ya samu, Yuni da Agusta, daga nan aka rufe masa baki, kuma aka karkatar da ruwan famfon ya daina bi ta gindinsa daga Oktoba. Maskwared gwangwani ɗai-ɗai sau ɗaya. Darbejiyar ƙofar gida da ba wanda ya taɓa kula ta, ko ruwa ba a ba ta, ita ce ta fi kowa lafiya tun farko har ƙarshe, ba mu taɓa ta ba.

Zuwa ƙarshen damina lemu uku sun murmure, biyu sosai, na ukun ya rasa kusan rabin rassansa sai da muka yi masa aski ya koma kamar ɗan shekara biyu. Na huɗun, mai danƙon nan, ya yi toho a watan Afrilu har Baffa ya kira ni yana murna, amma zafin bazara na tsananta tohon ya yanƙwane, da na kankare ɓawon gindin na tarar ruɓar ta zagaye shi. Muka cire shi, kuma na ce kada a mayar da wani lemun a ramin nan kusa. Iksorar da aka sauya wa ƙasa ta yi kore har ta yi fure a Agusta, wadda aka bari da feshi kuwa tana nan yadda take, in an fesa ta gyaru in an bari ta koma, Hajiya ta ce ta gaji da ita a cire a sa wani abu da ba ya tsoron siminti, ni dai na ba da shawarar fulawar bogenbiliya ko kuma a haƙe wajen kamar yadda aka yi wa 'yar uwarta. Baffa ya ce haƙa ta fi, don ba zai yarda shinge ya zama rabi ja rabi wani launi ba.

Da hunturu ya zagayo mangwaron ɗaya ya yi huda sosai, ɗayan kaɗan a ɓangaren da ke kallon gabas. Ragowar yuriyar kuma tana nan a sito an ɗaure bakin buhun da igiya, Baffa ya ce ta masara ce, ya kuma gaya wa mai gadi ko ganye ya koma fari kada ya taɓa ta sai an kira ni.